Majalisar Masu Barin Giya: Shawarwari ga Gidajen Gwarzo da Kabo

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Jihar Kano a shekarar 2000, aka kuma kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003, giya ta janye daga bakin titi ta koma lungu. Daga Getso zuwa Lakwaya, daga Kutama zuwa Garo da Durun, akwai uwar da ke kasa kunne da tsakar dare, tana ganewa daga yadda ɗanta ya jingine babur ko yau da lafiya ya dawo. Akwai matar da ta san warin da kanumfari da cingam ba sa rufewa. Wani burkutu yake sha a bayan gari, wani ta leda yake cusawa a aljihu, wani sai ya shiga Kano da sunan sarin kaya ya ratse Sabon Gari. Gida ya sani, maƙwabta sun sani, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Abin da muka saba yi sananne ne: faɗa, kuka, rubutun sha, rantsuwa, wani lokaci har auren gaggawa wai ko zai natsu. Shi kuma ya yi alkawari tsakaninsa da Allah, ya riƙe mako biyu ko wata guda, sannan ya koma. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ranar da mutum ya ajiye kwalba, ranar ya rasa majalisarsa. Mutanen da yake zama da su daga magariba har dare, waɗanda ba sa yi masa kallon lalatacce, duk ya rabu da su lokaci guda. In ba a sama masa wasu ba, ƙafarsa da kanta za ta mai da shi wurin na da. Shawarwarin nan a kan wannan suke: yadda gida zai taimaki ɗansa ko maigidansa ya sami zaman da masu fama da giya ke yi junansu, ya halarta, ya kuma ɗore.

1. Ku fara sanin abin da kuke nema.

Zaman ba wa'azi ba ne, ba kuma ganin likita ba ne. Mutane ne da ciwo ɗaya ya haɗa, suna taruwa a ƙayyadadden lokaci, kowa ya faɗi inda ya kwana da inda ya tashi, sauran su saurara. Asalinsa a wannan zamani daga garin Akron na jihar Ohio ta Amurka ne. A 1935 wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson, wanda bai daɗe da daina sha ba, ya je garin kasuwanci, harkar ta watse, sha'awar giya ta taso masa. Maimakon ya nufi mashaya, sai ya shiga neman wani mashayin da zai yi magana da shi, aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith. Daga hirar mutum biyun nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, wadda yau take da rassa a kimanin ƙasashe 180. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a rubuta suna, sharaɗin shiga ɗaya ne, mutum ya kasance yana son dainawa.

Ga mai tambayar ko hira kawai tana magani: a 2020 cibiyar Cochrane ta wallafa nazarin da ya tattara bincike 27 a kan mutum 10,565, ya nuna cewa shirye-shiryen da ke haɗa mashayi da irin wannan zama sun fi wasu sanannun hanyoyin ba da shawara na asibiti kai mutum ga dainawa gaba ɗaya. Akasarin binciken a ƙasashen Turawa aka yi, amma ni a ganina mu da muka tashi a zaure da majalisa mun fi su kusa da wannan hanya.

2. Asibiti tukuna, kafin kowane zama.

Wannan ita ce shawarar da rai ya rataya a kanta, don haka kada a tsallake ta. Wanda ya yi shekaru yana sha kullum, jikinsa ya saba, in ya yanke farat ɗaya zai iya shiga haɗari. Ku dube shi da safe a teburin mai shayi: in ya ɗauki kofi hannunsa na karkarwa har shayin na zuba, sai ya tallafe da ɗaya hannun, gumi na keto masa alhali gari da sanyi, to wannan ba ya dainawa shi kaɗai a ɗaki. Alamomin sukan fara ne tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe. Cikin kwana biyun farko jijjiga irin ta farfaɗiya na iya zuwa. A kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan ruɗe, su riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango, su kasa gane 'yan gida, jiki ya yi zafi. Wannan matakin yana kisa in ba a kula ba.

A nan ne gidaje da yawa suke cewa aljanu ne ko sammu, a rufe ƙofa a kira mai ruƙiyya. A yi addu'a, babu mai hanawa, amma a yi ta a hanyar asibiti. Akwai Babban Asibitin Gwarzo a wannan yanki. Ku gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha, yawansa, da lokacin da ya sha na ƙarshe, don da wannan bayanin zai san maganin da zai rage masa wahalar da kuma sinadarin bitamin B1 da ke kare ƙwaƙwalwa. Kada wani ya je kemis ya sayo masa ƙwayar barci da kansa. Haka kuma in idonsa ya yi ɗorawa, ko cikinsa ya kumbura, ko ya yi aman jini, ko ya fara maganar ya gaji da rayuwa, ba a jiran gari ya waye.

A tuna da wannan musamman a farkon azumi. Mashaya da yawa suna ajiyewa ranar da aka ga wata, niyya mai kyau, amma ga wanda abin ya yi wa katutu gara ya ga likita tun cikin Sha'aban.

3. Ku san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa.

Irin wannan zama ba ya kafa allo, balle a garin da kowa ya san kakan kowa. Ta bakin ma'aikatan lafiya ake kaiwa gare shi. A Kano, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya yana karɓar masu matsalar shaye-shaye, haka ma asibitin Dawanau da ke hanyar Katsina. Hukumar NDLEA tana da wurin ba da shawara da gyaran hali a ofishinta na Kano, kuma tun 2022 ta buɗe layin waya na kyauta, 0800 1020 3040, wanda ake amsawa dare da rana, har da Hausa. Aikinta ya fi shafar ƙwayoyi, amma samari da yawa haɗawa suke yi, ga giya ga tiramol ga wiwi. Gwamnatin jiha kuma tana da cibiyar gyaran tarbiyya a Kiru.

In kun je, kada ku tsaya a karɓar magani. Ku tambayi likita ko nas ko jami'in walwala kai tsaye: "Akwai zaman da waɗanda aka sallama suke yi junansu? Wace rana? Akwai wani daga wajenmu, Gwarzo ko Kabo ko Ƙaraye ko Rimin Gado, da ya daina, wanda za ku iya tambayarsa ko zai yarda a haɗa mu?" Ma'aikaci ba zai ba ku sunan kowa ba, kuma daidai ya yi. Ku bar masa lambar mai ciwon, da yardarsa, ya miƙa.

Daga Gwarzo zuwa Kano kimanin kilomita 70 ne. Kuɗin mota zuwa da dawowa kowane mako nauyi ne, don haka dangi su zauna su raba shi tun farko, kamar yadda ake yi wa mai zuwa wankin ƙoda. Kunyar sunan Dawanau kuma a ajiye ta gefe. Ba kowane mai zuwa can ne mahaukaci ba.

4. Mutum ɗaya da ya daina ya isa a fara.

Babu garin da babu shi. Wani tsohon direba ne, wani tela, wani malamin makaranta da a da ake ɗauko shi daga kwata, yau shekara goma ke nan yana sahun gaba. Liman ya san shi, mai unguwa ya san shi, a ƙauyukan da ke da coci fasto ya san nasa. Dattijon gida ya je wurin ɗaya daga cikinsu a keɓe, ba a gaban almajirai ko 'yan zaman fada ba, ya ce, "Allah gafarta Malam, muna da yaro da abu kaza ya dama. Ko akwai wanda Allah Ya yaye wa da za a roƙa ya riƙa zama da shi?" Abin da wanda ya daina zai yi masa, uba ba zai iya ba, malami ba zai iya ba. Ya san ƙaryar tun kafin a gama ta, domin shi ma ya yi ta. Ya san ƙarfe nawa zuciya ke fara raya wa mutum. Kuma ganinsa kawai, da tsabtatacciyar riga da iyalinsa a ɗaki, hujja ce cewa ana fita.

5. Ku warware maganar addini tun da wuri.

Wannan ce tambayar da za ta fi tsayar da Bahaushe, kuma tambaya ce mai nauyi. An san hadisi ya yi gargaɗi ga wanda Allah Ya rufa masa asiri da dare, gari ya waye ya tona kansa. An san haddin shan giya a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne. To yaya Musulmi zai zauna gaban mutane yana ba da labarin saɓonsa?

Fahimtata ita ce akwai rata mai faɗi tsakanin mai alfahari da zunubi a dandali da mai kwance rauninsa gaban wanda zai ɗaure masa. Mara lafiya yana buɗe wa likita abin da ba ya buɗe wa kowa, ba a ce ya yi tsiraici ba. A zaman ma ba a buƙatar kowa ya zayyana abin da ya aikata dalla-dalla, ko ya ambaci da wa ya yi. Abin da ake faɗa shi ne halin da ake ciki: sha'awar ta zo, ga abin da ya tayar da ita, ga yadda na yi da ita. Duk da haka kada a tsaya a kan fahimtata. A kai tambayar wurin malamin da gidan ya amince da shi, a yi masa bayanin zaman yadda yake, don mai ciwon ya shiga da natsuwar zuciya.

Akwai kuma abubuwan da ya kamata 'yan gida su tuna wa kansu. Haramcin giya bai sauka rana ɗaya ba, mataki-mataki ya zo, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i kafin hukuncin ƙarshe a Ma'ida. A cikin Bukhari akwai labarin mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda sha, har wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ya hana sahabbai su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Duk gidan da ke da mashayi ya kamata a karanta musu waɗannan biyun, domin tsinuwar uwa da "ka fita daga zuri'ata" ta uba sun tura da yawa inda ba su dawo ba.

Musulmin Amurka sun fuskanci irin wannan tambayar, shi ya sa a 1989 suka kafa Millati Islami a birnin Baltimore, suka ɗauki tsarin matakai 12 na ƙungiyar Alcoholics Anonymous suka gina shi a kan tauhidi, tuba da salla. Ba baƙon abu za mu ƙirƙira ba.

6. A zaɓi mai magana da lokacin magana.

Ba a yi wa mutum maganar yana buge, ba a yi a gaban 'ya'yansa, ba a tara masa dangi kamar zaman kotu. Da safe ya fi, lokacin da nadama ke kusa. Mutum ɗaya ko biyu da yake jin nauyinsu, kawu ko baffa ko aminin ƙuruciya. Mata tana iya cewa, "Baban Amina, ba faɗa zan yi ba. Na ga kana ƙoƙari kai kaɗai, abin yana kayar da kai. Akwai waɗanda suka bi ta nan suka fita. Ka je sau ɗaya ka ji." Ƙane yana iya cewa, "Yaya, ni zan kai ka a babur, in jira ka a waje." In ya ƙi, a bar maganar ba tare da zagi ba, a sake ɗauko ta wani makon. Wanda aka ja da ƙarfi zai zauna a wurin ne jikinsa kawai.

7. Ranar farko, a raka shi zuwa ƙofa a tsaya nan.

Ya ci abinci kafin ya fita, yunwa tana tayar da sha'awa. Ba dole ya yi magana ba, yana iya cewa yau saurare ya zo yi. Kafin ya taso ya karɓi lambar mutum ɗaya ko biyu da zai iya kira ko da tsakar dare ne. In ya dawo yana cewa wurin bai yi masa ba, waɗancan sun fi shi lalacewa, wannan magana ce da kusan kowa ke yi. A roƙe shi ya ƙara zuwa sau biyar ko shida kafin ya yanke hukunci. A ƙasashen da zaman ya yawaita akan shawarci sabon shiga ya halarci 90 cikin kwana 90. Wannan ba zai yiwu ga mutumin Madadi ko Godiya ba. Abin da zai yiwu shi ne zama ɗaya a mako da kiran waya ɗaya kullum.

8. Waya tana cike giɓi.

Ga mai jin Turanci, ana yin zaman ta Zoom a kowace sa'a ta dare da rana, kuma jerin lokutan yana shafin Alcoholics Anonymous a intanet. Yana iya kashe kyamara ya sa sunan da ba nasa ba. Gida ya taimaka da kuɗin data, da abin sawa a kunne, da ɗakin da ba za a riƙa leƙowa ba. Amma a yi hattara da rukunin WhatsApp: abin da aka rubuta ana ɗaukar hotonsa, saƙon murya ana tura shi gaba. A yi amfani da shi wurin tuna lokaci kawai.

9. In babu na kusa, ku kafa naku.

Mutum uku sun isa. Abin da ake buƙata soro ne ko shagon da ake rufewa da yamma ko wani aji bayan an tashi, wurin da shigar mutum ba za ta ja ido ba. Tabarma biyu, fulas ɗin shayi, fitila. A tara wayoyi a kwano ɗaya a ajiye tsakiya. A buɗe da addu'a, sannan a zaga. Wani zai ce, misali, "Yau kwanana tara. Jiya na sayar da buhu biyu, kuɗin na aljihuna, na bi ta hanyar nan ƙafata ta tsaya. Sai na kira Malam, ya ce in zo shagonsa in zauna har isha." Sauran su ce Allah Ya ƙara dafawa, na gaba ya karɓa. Awa ɗaya, a tashi.

Lokacin ya zama tsayayye, rana ɗaya, sa'a ɗaya, ko da mutum biyu ne suka zo, ko ana ruwa. Ya fi kyau a ɗora shi daidai lokacin da aka saba fita sha, bayan magariba ko bayan isha, don ya cinye wannan sa'ar.

Ƙa'idojin kaɗan ne amma kada a sassauta su. Ba a katse mai magana. Ba a yi wa kowa nasiha sai ya nema. Kowa kansa yake ba da labari. Babu shugaba na dindindin, jagorancin zagayawa yake, domin da zarar wani ya zama mai wurin, sauran sun zama almajiransa. Babu bashi tsakanin 'yan zama. Ba a karɓar kuɗin kowa daga waje, kuɗin shayi da sukari a tsakaninsu za su haɗa. Siyasa kuma a tuɓe ta a ƙofa tare da takalmi; mun san yadda take raba wa da ƙane a Gwarzo da Kabo, kuma ranar da wani ɗan takara ya ji labarin zaman ya aiko da shinkafa da mai ɗaukar hoto, zaman ya mutu. Bambancin ɗariƙa da izala ma haka, kuma in maƙwabci Kirista ko Bamaguje ya zo da ciwo iri ɗaya, a matsa masa a tabarma. Wanda ya zo a buge ba a wulaƙanta shi, a bar shi ya zauna ya saurara in ba ya tayar da hankali, maganarsa sai wani makon.

Yana da kyau liman ko mai unguwa ya san da zaman, don kada wata rana a ga maza na shiga soro da dare a yi musu wata fassara. Saninsa ya tsaya a nan, ba sai ya san sunaye ba, ba kuma sai ya zauna ba. A nemi ma'aikacin lafiya ɗaya da za a riƙa kira in wani ya rikice.

10. Amanar zaman tana wuyan 'yan gida ma.

In ya dawo, kada a tambaye shi su wa ya gani. Kada mata ta faɗa wa ƙawarta, kada uwa ta faɗa a gidan biki da sunan neman addu'a. A gari irin namu kalma ɗaya tana iya fasa auren 'yar wani, ta raba wani da aikinsa, ta hana wani limanci ko sarautar da ya gada. Ranar da sunan mutum ɗaya ya fita, sauran ba za su sake zuwa ba, kuma za a yi shekaru kafin wani ya sake yarda. Haka nan abin da ya faɗa a gida cikin nadama kada ya zama makamin gori ranar da aka saɓa.

11. Ku bambance zaman taimako da gidan mari.

A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka. Makonni kaɗan bayan haka aka sake gano irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai yawancinsu, da kuɗinsu, da kyakkyawar niyya. Duk wurin da ake ɗaure mutum, ko a hana ku ganinsa, ko a ce a biya maƙudan kuɗi za a cire masa son giya cikin kwana bakwai, ku juya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya, har da kare su daga azabtarwa.

12. Matan gida su ma suna buƙatar tasu tabarmar.

Matar mashayi takan yi shekaru tana ƙirga ƙarya: ta ce wa yara Baba ba shi da lafiya, ta ce wa iyayenta lafiya lau, ta sayar da akuyarta ta biya bashin da ba ta ci ba. A 1951 Lois, matar Bill Wilson, tare da wata abokiyarta suka kafa Al-Anon saboda iyalan mashaya, don sun ga ciwon ba ya tsayawa kan mai sha. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mata biyu ko uku da abin ya shafa suna iya haɗuwa bayan islamiyya a ɗakin ɗayarsu, da ƙa'idar sirri iri ɗaya. Abin da za su koya wa juna shi ne ba su suka jawo ba, ba kuma su za su warkar ba, kuma rufa asiri daban, ɗauke wa mutum sakamakon aikinsa daban. A daina biyan bashin mashaya. Kada yaro ya hau babur ɗinsa in ya sha. In kuma abin ya kai ga duka, tsira da lafiya ke gaba da komai: ta tafi gidan waliyyinta da yaranta, a yi maganar daga can.

Akwai kuma matan da su ne ke sha, giya ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana haɗawa da shigowa da shi a Mayun 2018. Nasu ɓoyon ya fi tsanani, domin abin da za a yafe wa namiji ba a yafe musu. Zamansu ya zama na mata zalla, kuma ma'aikaciyar lafiya mace ce ƙofar da ta fi sauƙi.

13. Ku san ranakun haɗari.

Ranar kasuwar Getso in an yi ciniki, lokacin kaka in an sayar da masara ko gyaɗa, ranar da albashi ya shiga, daren biki, da kwanakin bayan ƙaramar salla in takunkumin azumi ya sauka. Haka ranar baƙin ciki, rasuwa ko asara ko faɗa da mata. A irin waɗannan ranaku ya kira abokin zamansa tun da safe, kada ya riƙe kuɗi masu yawa, in ya yarda wani amintacce ya riƙe masa. Tsohuwar majalisa a canza mata hanya gaba ɗaya, ko da zagaye ne. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A kuma lura da musanya: wanda ya bar giya ya koma tiramol ko roci ko a-kurkura bai daina ba, kuma ya kamata ya faɗi hakan a zaman.

14. In ya koma, a mai da shi zaman a makon nan.

Da yawa daga waɗanda suka daina har abada sai da suka faɗi sau ɗaya ko fiye. Abin da ya fi sha ɗin haɗari shi ne kunyar da ke biyo baya, wadda ke sa mutum ya ce tunda na ɓata bari in ƙarasa, ya kashe waya, ya guje wa 'yan zaman. Kada gida ya ce "dama mun sani". Washegari da safe a ba shi ruwa da abinci, a miƙa masa waya ya kira abokin zamansa da bakinsa. In kwana ɗaya ne, ya je zama na gaba ya faɗi abin da ya faru da abin da ya gabace shi, ya sake ƙirga daga ɗaya. In ya ɗauki kwanaki yana sha ba ƙaƙƙautawa, a koma shawara ta 2, likita ya fara ganinsa, a kuma tambayi likitan ko akwai maganin rage sha'awa da ya dace da shi, domin akwai su, kuma ba sa hana zuwa zama. Wanda ya san ya sha abin da ba a san inda aka dafa shi ba, ya ji ganinsa na dusashewa ko cikinsa na murɗawa, a garzaya da shi asibiti nan take. Irin wannan gurɓatacciyar giya da ake kira ogogoro ce ta kashe gomman mutane a jihohin Ondo da Ribas a 2015.